Idan ma'ƙirgin furosesa ya tumbatsa

Ƙannena masu fara taɓa kanel, wato zuciyar tsarin Linux mai sarrafa na'ura kai tsaye, kafin ku amince da ma'ƙirgin cikin furosesa, mai ƙidaya bugun agogo ko umarnin da aka zartar, ku fara tambayar faɗinsa, wato bit nawa ne. Na furosesa samfurin ARMv7 bit 32 ne. A gudun gigahaz 1, cikin daƙiƙa 4 da 'yan kai ya cika ya koma sifili. Na Intel na zamani galibi bit 48 ne. Ni da farko ɗebe tsohon karatu nake yi daga sabo kamar duka bit 64 ne, ranar da ya zagayo sai ga lambar da hankali ba zai ɗauka ba. A na Intel, Linux takan tura lambobin biyu hagu har su cike bit 64, ta ɗebe, sannan ta mayar da sakamakon dama. Ku yi haka.

Inda na fi shan wuya shi ne ɗaukar samfuri, wato rubuta lokaci-lokaci umarnin da furosesa yake kai. Idan ana son samfuri bayan kowace aukuwa 100,000, sai a ɗora wa ma'ƙirgin lambar da saura 100,000 ya cika; da ya tumbatsa sai ya katse furosesa. A x86 (irin furosesan Intel da AMD), tsarin auna aiki mai suna perf, wanda ya shiga Linux 2.6.31 a 2009, yana karɓar wannan katsewa a matsayin NMI, wadda ba ta toshuwa ta hanyar da aka saba. Ba ta sallama. Tana iya faɗowa daidai lokacin da kanel ke riƙe da wani kulle, abin da ke hana ayyuka biyu taɓa bayani ɗaya a lokaci guda. Ni kuwa na je na nemi wannan kullen daga cikin katsewar, na'ura ta sandare tana jiran kanta, ko saƙon kuskure babu. To a nan ku taƙaita: ku karanta, ku ajiye samfurin, ku sake ɗora lambar, sauran aiki ku miƙa wa irq_work, tsarin kanel mai gudanar da shi bayan an fita daga NMI.

Kada ku fita daga katsewar ba ku goge alamar tumbatsa a rajistar matsayi ba. A Intel kuma, APIC, sashen da ke isar da katsewa ga furosesa, yakan rufe ƙofar katsewar da kansa bayan ya isar da ita. In ba ku buɗe ba, samfuri ɗaya za ku gani.

Adireshin da samfurin ya nuna ma yakan ɗan zarce umarnin da ya jawo aukuwar. Don rage wannan zamewa Intel ta yi fasahar PEBS, AMD ta yi ta IBS.