Akwatin rubutu mai ja sama da ƙasa, yadda muke yinsa a shago

Ni sana'ata haɗa shafukan intanet ce, ɗan ƙaramin shago ne, ni da yarana masu koyo, kuma abin da ya fi cin mana lokaci ba zanen da ke motsi bane, rubutu ne. Kwastoma zai zo yana son tambarinsa na juyawa, hotuna na shigowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya miƙo maka tarihin kamfaninsa tun daga kakansa ya ce "Malam duk a saka, kar a cire ko layi ɗaya". To ina zaka zuba shi? Dole sai akwatin da mai karatu zai riƙa jan rubutun sama da ƙasa.

Zamanin Flash, manhajar da ake haɗa zane mai motsi da ita a shafukan intanet, abin da sauƙi wallahi. Ka zana akwatin ka maida shi Dynamic Text, ka zaɓi Multiline, ka ba shi suna, sai ka jawo UIScrollBar, wato sandar jan rubutu, ka ajiye a bakinsa ya manne da kansa. In naka maɓallan kake so sai ɗan ActionScript, yaren da ake rubuta wa Flash umarni da shi, kowace dannawa ta ƙara scrollV, wato lambar layin da ke saman akwatin, da ɗaya. Inda ake shan wuya haruffanmu ne masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, in ka cusa font, wato salon haruffa, cikin fayil baka haɗa da su ba sai su ɓace ɓat, kwastoma ya kira ka cikin dare wai an lalata masa suna.

Kamfanin Adobe ya rufe Flash Player, mai nuna aikin Flash a shafi, ƙarshen 2020, dama iPhone bata taɓa karɓarsa ba. Manhajar haɗa Flash ɗin kuma sunanta ya koma Animate tun 2016, in ka zaɓi HTML5 Canvas a cikinta, wato filin zane na cikin shafi, babu wancan UIScrollBar ɗin, shi yasa wasu ke ta fama da mask, wato marufi mai 'yar taga, suna jan rubutu ta bayansa. Ni dai ban ga amfanin wannan wahalar ba, rubutun da ke cikin canvas zane ne kawai, ba a kwafarsa, Google ma bai karanta shi.

Yanzu motsin muna barinsa a canvas, rubutun mu zuba shi a div, wato akwatin shafi na HTML, a samansa, mu yanka masa tsawo mu sa overflow-y: auto, umarnin da ke kawo sandar ja in rubutu ya fi akwatin tsawo, shikenan. A waya kuwa cire tsawon muke gaba ɗaya rubutun ya sauka yadda yake, don yatsa na maƙalewa cikin akwatin mutum ya kasa wucewa ƙasan shafi, kuma yawancin masu shiga da waya suke shiga.