Godiya bayan kare kundin digirina na biyu a Kumasi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ranar Alhamis da ta gabata na kare kundin digirina na biyu a fannin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan Kumasi, kuma malamai sun amince da aikin.

Binciken ya shafi manhajoji masu aiki lokaci guda suna musayar saƙo, da yadda za a fitar da ma'anar babban tsari daga ma'anar sassansa ba tare da an sake binciken komai daga tushe ba. Na ɗora aikin a kan hanyoyi biyu na siffanta irin waɗannan manhajoji da lissafi: CSP, wanda Tony Hoare ya gabatar a 1978, da CCS na Robin Milner na 1980.

Godiyata ta farko ga Malam mai duba aikina, domin shi ne ya gano ɓarakar da ta kusa rushe kundin saura wata uku. Na ɗauka idan sassa biyu suna da jerin ayyuka iri ɗaya, to ɗaya na iya maye gurbin ɗaya, ashe jerin ayyuka kaɗai ba ya nuna inda tsari zai cije, wato ya tsaya ya kasa ci gaba. Malam ya mayar da ni ga aikin Brookes da Hoare da Roscoe na 1984, inda ake lissafa har abin da sashe zai iya ƙin yi a kowane mataki.

Sai Hajiya mahaifiyata, wadda ta yi shekaru tana sayar da koko da ƙosai a Aboabo, kuma a bakin tukunyarta abin ya zauna mini. A ce masu sayarwa biyu ne: ta farko tana karɓar kuɗi ta bar mai saye ya zaɓi koko ko shayi, ta biyu kuwa da ta karɓa ita ke yanke abin da za ta bayar. Jerin cinikin da kowace za ta iya yi iri ɗaya ne, amma wanda bai shan shayi yana iya maƙalewa a wajen ta biyu. Da wannan misalin na amsa tambaya mafi tsauri a ranar, har ɗaya daga cikin malaman ya yi dariya. Hajiya, Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ina kuma gode wa Yaya, wanda ya ara mini kwamfutarsa lokacin da tawa ta mutu, da 'yan uwa na Asawase da suka cika ɗakin ko da yake lissafin bai shafe su ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.