Motar da ake shiga ta goshi

Sana'ata walda ce da gyaran babur, a wata rumfa bakin hanya a ƙauyenmu da ke gefen Ringim. Juma'ar da ta wuce ƙanena ya zo hutu daga Dutse, ya miƙo min waya ya ce, "Yaya, kalli wannan, na san sai ta hana ka barci." Wata 'yar mota ce mai siffar ƙwai. Mutum ya tsaya a gabanta ya ja mariƙi, sai duk goshin motar ya buɗe, gilashi da sitiyari suka biyo ƙofar waje. Ya shiga ya zauna, ya jawo ƙofar, sitiyari ya dawo daidai ƙirjinsa. Sau biyar ina cewa ya maido min baya.

Sunanta Isetta. Asalinta Italiya ce, daga kamfanin Iso na Renzo Rivolta, wanda ya saba ƙera firij da ƙananan babura, kuma a 1953 aka fara nuna ta. A gida ba ta yi kasuwa sosai ba. BMW na Jamus ne ya ɗaga ta. Lokacin kamfanin yana cikin matsi, manyan motocinsa sun fi ƙarfin aljihun mutanen da ba su daɗe da fitowa daga Yaƙin Duniya na Biyu ba. Sai ya sayi izinin ƙera ta, ya sa mata injin babur ɗinsa mai fistin ɗaya, cc 247, ƙarfin doki 12. Daga 1955 zuwa 1962 ya ƙera guda 161,728.

Ni ba na yarda da abu sai na auna. Na ɗauko tef na zana ta a ƙasa da guntun rodi: tsawo mita 2.29, faɗi mita 1.38. Na jawo bencin da masu jiran gyara ke zama na ajiye a tsakiyar zanen. Kawu yana dawowa daga masallaci ya tarar da mu, na ce, "Kawu, ku zauna nan ku ji." Ya zauna kusa da ƙanena, kafaɗa na gugar kafaɗa, ya dubi layin da ke gaban ƙafarsa ya ce, "To ɗana, idan wata ta daki gaban nan, ta ina za a fita?" Tambayar da masu ƙirar suka yi wa kansu ke nan. Shi ya sa rufin saman na tamfol ne da ake naɗewa, in ƙofa ta maƙale a fice ta sama.

Abin da ya fi kama ni shi ne ƙasan motar. Tayoyin baya biyu an matso da su kusa da juna, tsakaninsu wajen rabin mita. Duk bakanike ya san idan mota ta sha kwana tayar waje ta fi ta ciki tafiya, dole a sa kayan da ke raba musu gudu, kuma kayan nan suna da nauyi da tsada. Su sai suka haɗe tayoyin har bambancin ya zama ba a bakin komai ba, suka ja su da sarƙa kamar ta babur, tana wanka cikin baƙin mai a rufe. Injin kuma yana ɓangaren dama bayan kujera, direba yana hagu, nauyin wannan ya tare na wancan. Wallahi wanda ya yi wannan tunani ya san darajar kowane ƙarfe.

Ba zan ce ta dace da hanyarmu ba. Tayarta inci 10 ce, yashin da ke tsakanin garinmu da titi zai haɗiye ta, balle taɓon damina. Mutum biyu da ƙaramin yaro take ɗauka, mu kuwa gidanmu in za a je suna sai a cika a-kori-kura. A can ma da ƙananan motoci masu kujera huɗu irin Mini ta 1959 suka fito, kasuwar irinta ta mutu.

Amma lita 3 kacal take sha a kilomita 100, tankinta lita 13. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake ganin motocin mutanenmu a jingine ƙarƙashin darbejiya, taya ta sace, masu su sun koma babur. Malamin firamaren da ke wucewa ta gaban rumfata kullum da sassafe, a hunturu sai ya naɗe fuska da rawani, hannuwansa sun yi furu-furu. Da damina kuma littattafansa cikin leda yake cusa su a riga. Mai babur bai rasa inji ba, rufi da gilashin tare iska ya rasa, kuma iya abin da Isetta ta ƙara masa ke nan.

Akwai tsohon injin adaidaita sahu a kusurwar rumfata, shekara guda yana shan ƙura. Jiya na wanke shi da kananzir, don ina so in gwada ƙera irin motar nan da shi. Na zana ƙofar a bayan kwali, na gane yadda za ta rataya. Gaɓar da ke barin sandar sitiyari ta lanƙwashe ta bi ƙofa waje ce ban samu ba tukuna, ranar Litinin zan shiga Kano in duba a Ƙofar Ruwa.