Kimba ce sirrin yajina

Duk wadda ta sayi yajina sai ta dawo tana tambaya, Hajiya wai me kike sawa ne? To ba wani asiri, kimba ce, amma fa ba kowace kimba ba. Ni a gidan kakata a unguwar Birni ta Damagaram na koyi daka, ina 'yar ƙarama ta ba ni taɓarya, kuma abin da ta fara nuna mini shi ne ki karya kimba ki shinshina tun ba ki yi ciniki ba. In ƙamshin hayaƙin nan bai daki hancinki ba to ta kwana biyu, ki bar musu kayansu. Ta ce 'ya'yan ciki su ke da ɗaci, ɓawon ke da ƙamshi, shi ya sa har yau muke zama mu fasa mu fidda 'ya'yan da hannu, aiki ne mai cin rai wallahi yatsu har baƙi suke yi, amma yajin da aka daka da 'ya'yan yana kama maƙogwaro, mai jego ba ta iya shan romo da shi. Na taɓa yin ha'inci sau ɗaya na zuba haka nan, Iya ta ɗanɗana ta ce 'yar nan wa za ki ba wannan? Ta juye turmin duka wa kaji, su ma ko kallo.

Itacen kimba ba ya fitowa a ƙasarmu Nijar, sai kurmi inda ruwa ke da yawa, daga kudancin Najeriya take zuwa ta biyo Kano ta shigo mana, ita da masoro. Da aka rufe iyaka a 2023 mun ga ta kanmu, sai ka zagaye kasuwar Dole ranar Alhamis ba ka samu ta kirki ba. A lokacin ne wani dillali ya kawo mini buhu, sama kyakkyawa ƙasa an yayyafa ruwa dan ta yi nauyi, duk ta yi fumfuna. Na ce Malam ɗauki abinka. Har yau ba ma gaisawa sosai.

Sai kuma masu kwaikwayo, su cika garin masara da gishiri da kala su ƙulla a leda su ce yajin jego ne. Mutum ya zo yana ce mini ai can ya fi araha. To je ka can mana! Nawa barkono ne da citta da kanumfari da masoro da kimba, kowanne a shanya shi daban a kan tabarma, a turmi ake dakawa, sai an tankaɗe sau 3. Akwai na tsire da kilishi mai ƙuli-ƙuli, akwai na kunun kanwa. Wani direba ɗan Sanagal ma yana sayen kimbar zalla, wai su a kofi suke sa ta, ya ba ni na kurɓa, ni dai ban iya ba.

Masu biki ko suna a faɗa mini da sati guda, ba na daka da gaggawa.