Neman lambar kiran Kawu: inda aka kwana

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon rediyon sha'awa. Lambar kiran marigayi Kawu, wato haruffa da lambar da ake sanin tashar mai lasisi da su a iska, ta samu, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma ta tabbata, ba ta zato ba ce. Zan faɗa muku yadda aka bi har aka kai ga haka, saboda na san akwai gidaje a Kaduna da Zariya da Kano masu irin adakar da ke ɗakin ajiyarmu, kuma masu gidan ba su san abin da ke ciki ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, ma'aikacin gyaran na'urorin sadarwa, a Tudun Wadar Kaduna ya yi zamansa har Allah ya karɓi abinsa. Ƙarfen da yake magana da shi da daddare oba-oba ake ce masa a gida, kowa ya ɗauka kayan wajen aiki ne ya kawo. Takardar lasisinsa ba ta cikin adakar. Littafin da yake rubuta hirarrakinsa yana nan, amma gara ta cinye bangon da shafukan farko, wato daidai inda mutum ke rubuta sunansa da lambarsa. Abin da ya tsira shi ne katuna, ɗauri-ɗauri, robar da aka ɗaure su da ita ta narke ta manne a jikinsu.

Katunan QSL ke nan. Idan mutum biyu suka yi magana ta iska, kowa zai aika wa ɗan uwansa kati ta gidan waya ya zama shaida. To a nan ne mai nema zai kula: lambar da aka buga da manyan haruffa a gaban kati ta wanda ya aiko ce. Ta mai gidan tana can a ɗan ƙaramin gurbi, galibi an rubuta ta da hannu, kusa da inda aka buga "To Radio". Katunan Kawu na kansa kuwa ba za a same su a gida ba, sun watsu duniya, suna hannun waɗanda ya aika wa.

Ga ɗaya a gabana yanzu. Daga Japan ya zo, gabansa hoton dutse ne mai ƙanƙara a kai, lambar ta fara da JA. A bayansa an ja layuka: kwanan wata, lokaci da agogon GMT, 21 (wato megahaz 21) a gurbin zango, SSB a gurbin salon magana, sai 57 a ƙarƙashin RST. Biyar ɗin farko tana nufin ana jin maganarsa sarai, don ma'aunin daga 1 zuwa 5 yake. Bakwai ɗin kuma ƙarfin siginar ne, daga 1 zuwa 9. Da haruffan Mos suka yi hirar da an ƙara lamba ta uku, ta zaƙin sautin. Can ƙasa mutumin ya sa 73, gaisuwar ban kwana ta masu wannan harka, ya sa hannu da alƙalamin tawada.

Farkon lambar bai ba ni wahala ba. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ita ke raba wa ƙasashe haruffan farko. Nijeriya na da 5N da 5O, Nijar 5U, Kamaru TJ, Chadi TT, Gana 9G, Saudiyya HZ. A zamanin Turawa, kafin samun 'yanci a 1960, ZD2 ce lambar Nijeriya, don haka wanda ya ga ZD2 a kayan kakansa ya san abin ya tsufa ƙwarai. Bayan 'yanci an jima ana amfani da 5N2 a duk faɗin ƙasar, daga baya aka raba lambobin bisa yanki, Legas ta zama 5N0, Kano 5N8, Kaduna 5N9. Duk katunan babban ɗaurin 5N9 suka nuna, sai haruffa uku a baya, waɗanda zan bar wa iyalinsa su bayyana in sun ga dama.

Harafin tsakiya ne ya tsaya mini. A wasu katunan U ne ƙarara, a wasu V ne mai tsini, a wasu kuma ba ka iya rantsuwa a kan ko ɗaya. Rubutun hannun mutanen ƙasa da ƙasa ya bambanta, Bajamushe ma in ya rubuta 1 sai ka ce 7 ce. Kuma ba mamaki wani tun a iska ya ji harafin ba daidai ba, ya rubuta abin da ya ji.

Sai na tafi unguwar Kawo gaishe da Inna, matar Kawu, inda take zaune wajen babban ɗanta. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ko kina tuna abin da Kawu ke faɗa in ya zauna gaban oba-obar nan?"

Ta ajiye faifan a cinya ta ce, "Ɗan nan, ai ko daga barci aka tashe ni zan faɗa maka. Shekara nawa ina jin abu ɗaya ta bayan labule?"

Ta gyara murya, ta ɗan sunkuyo kamar yadda yake yi wa makirufo, ta ce, "Si-kyu, si-kyu, faif Nobemba nain," wato kiran neman mai amsawa da 5N9, ta jero kalmomi uku a baya, ta tsakiyar ita ce "Bikta". Inna ba ta yi boko ba, sautin kawai kunnenta ya riƙe. Amma wannan ya wadatar, domin a jerin kalmomin da ake furta haruffa da su a rediyo, V ce ke da Bikta, U kuwa Yunifom ake ce mata, kuma ba mai rikita su. Da tsohuwar zuma ake magani. Ina roƙonku, duk mai irin wannan nema ya fara da dattawan gida tun suna raye, ya kunna rikodar wayarsa in sun yarda. Matan gidan musamman, su ne suka sha jin kiran nan dare da rana.

Shaida ta biyu daga kundin Callbook ta fito. Wannan kundi ne da ake bugawa a Amurka tun shekarun 1920 har zuwa 1997, ɗauke da lambobi da sunaye da adireshin masu lasisi. A shekarun da suka shafe mu juzu'i biyu yake, ɗaya na Amurka, ɗaya na sauran duniya, kuma na biyun ne namu. An ɗauki hoton da yawa daga cikinsu an sa a rumbun Internet Archive, kyauta ake dubawa. Kada ku dogara da akwatin bincike, domin rubutun ƙanana ne ainun, kwamfuta takan karanta 5 a matsayin S, sifiri a matsayin O, sai ta ce maka babu alhali akwai. Ku bi shafukan da ido har ku kai 5N. Sashen Nijeriya ba shi da yawa, a zama ɗaya za ka karance shi. A nan na ga lambar da V ɗinta, ga sunan Kawu, ga lambar akwatin gidan waya, ga Kaduna. Na ɗauko ambulan ɗin da ke cikin adaka na gwada, akwatin ɗaya ne. Sai dai kada a ɗauki shekarar da suna ya fara fitowa a kundin a ce ita ce shekarar lasisi. Labari kan makara kafin ya isa wajen masu bugawa, kuma suna kan ci gaba da fitowa bayan mai shi ya daina.

QRZ kuwa, shafin intanet na duba lambobin kira, wanda kowa ke fara rugawa wajensa, a ganina shi ne ya kamata ya zo ƙarshe a irin wannan nema. A farkon shekarun 1990 aka kafa shi, mutanen da suka kashe rediyonsu kafin nan yawanci ba sa ciki. Kuma lambar kira kamar layin waya take, in an daɗe ba a amfani da ita ana iya bai wa wani. Ganin lamba kaɗai ba hujja ba ce sai shekara da gari sun dace.

Da lambar ta zauna, sai na koma kan ragowar littafin nasa, kuma a nan na fi daɗewa, don a nan na ga mutumin. Duk lokutan da agogon GMT aka rubuta su, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Wanda zai gwada kati da littafi ya riƙe wannan, musamman hirar da aka yi bayan 2300, domin a Kaduna an riga an shiga wata rana, a kati kuwa jiya ce. Da na mayar da lokutan zuwa namu sai tsarin yininsa ya fito fili. Yakan hau da la'asar sakaliya bayan ya taso aiki. Daga wajen 1715 a agogon GMT, shida da kwata a namu, babu komai, magariba ta yi. Sai bayan 1900, takwas a namu, layuka su dawo, an idar da isha'i an ci tuwo. Akwai wata guda a kowace shekara da hirar ke komawa can tsakar dare, kuma watan na matsowa baya da kwana goma sha ɗaya duk shekara. Azumi ke nan, ba sai an faɗa ba.

Zangon da yake hawa ma yana da labari. A shafukan 1980 da 1981 kusan duk 21 ne da 28, ga Japan ga Amurka ga Turai rututu. Zuwa tsakiyar shekarun sai ya koma 14, layukan suka ragu, sannan 28 ta sake cika a 1989 da 1990. Wannan aikin rana ne. Ƙarfinta na hawa da sauka a zagaye na kimanin shekara 11, ya kai ƙololuwa a ƙarshen 1979, ya faɗi a 1986, ya sake hawa a 1989. In rana ta yi ƙarfi, saman sararin samaniya kan dawo da sigina ta manyan zanguna ƙasa, sai ƙaramar tasha mai waya ɗaya a ɗaure a bishiyar maina ta kai bangon duniya. Abin da muke karantawa a darasin yaɗuwar sigina ga shi da rubutun biro a littafin gidanmu.

Shaida ta uku ita ce na fi so. Na zaɓi katunan da masu su har yanzu ke QRZ, a nan ne ya yi amfani, na aika musu imel gajere: ga ni, ga dangantakata da marigayi, ga kwanan wata da lokaci da zango, ga hoton katinku gaba da baya, ko nasa yana wajenku? Dalilin da ya sa na sa rai shi ne lambar yabo ta DXCC, wadda ƙungiyar ARRL ta Amurka ke bai wa wanda ya tabbatar da hira da ƙasa 100. Masu rediyo a Nijeriya ba su da yawa, saboda haka katin 5N abin adanawa ne a wajensu. Yawanci shiru. Wani ɗansa ne ya amsa, ya ce mahaifin ya zama SK, yadda suke ce wa wanda ya rasu. Sai wani dattijo a Jamus ya turo hoto.

Kati ne rawaya, bugun baƙar tawada, irin na ƙananan maɗaba'un cikin gari. Lambar a tsakiya da manyan haruffa, KADUNA a ƙasanta, dagin Arewa a kusurwar hagu. A baya ya rubuta na'urarsa FT-101, eriyarsa waya ce mai reshe biyu, ya ƙara layi ɗaya da Turanci cewa yau ƙurar hunturu ta rufe gari. Na kai wa mahaifiyata wayar ban ce komai ba. Ta kawo ta kusa da ido, ta ce, "Wannan ai hannun Ƙanina ne." Ta yi masa addu'a, muka shafa. Wanda bai dace da irin wannan amsa ba, akwai rumbun DokuFunk a birnin Biyana na Ostiriya, da ya tara katunan QSL miliyoyi, sai ya bincika ko ana iya rubuta musu a tambaya.

Ita na'urar tana nan, Yaesu FT-101, samfurin da ya fara fitowa a 1970. Ban jona ta ba. Wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen Panteka ya buɗe ta ya duba, ya ce, "Ɗana, kada ka kuskura ka sa mata wuta kai tsaye. Kafasitocin nan sun bushe, kuma akwai bawul a ciki da ke cin wuta ɗaruruwan bolt." Ya ce sai an canza su, sannan a tashe ta a hankali da ƙwan fitila a kan layin. Ko ta tashi ma saurare kawai zan yi da ita, domin lasisi ba ya cikin gado, lambar Kawu ba tawa ba ce. Wanda ke son hawa iska ya nemi nasa, ya kuma nemi ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Nijeriya, NARS, wadda ke cikin IARU, uwar ƙungiyoyinsu ta duniya da aka kafa a Faris a 1925.

Katunan na ɗauki hoton kowanne gaba da baya, na kankare robar a hankali, na sa su a ambulan na takarda. Kada ku sa a leda, damina za ta tara musu laima. Kan sarkin da ke jikin ambulan ma a bar shi, hatiminsa na ɗauke da kwanan wata.

Saura ƙaramin ɗauri guda. Katunansa sun fi sauran tsufa, lambar da ke gurbin mai karɓa 5N2 ce da wasu haruffa dabam, adireshin kuma Zariya, amma a biyu daga ciki an rubuta sunan Kawu a matsayin wanda ya riƙe makirufo. Kundin Callbook na shekarun 1970 zan bi yanzu in ga tashar wa ce, ta wani mutum ko ta wata makaranta. In akwai wanda dattijon gidansu ya yi wannan harka a Zariya a wancan lokaci, don Allah ya yi mini magana mu gwada katunanmu.