Hoton Inna a bakin zaure

Assalamu alaikum 'yan uwa na Katsina, na cikin ganuwa da na bayanta.

Daga Manchesta nake rubuto muku, a Ingila, inda na zo karatun digiri na biyu a watan Satumba na 2023 tare da maiɗakina da ɗanmu. Allah ya sa mun shigo da rabonmu, domin daga Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai irina zuwa da iyali. 'Yan majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura sun ga hotuna a shafina na Facebook, sun sa ni gaba da tsiya, wai an tura ni karatu na ɓuge da zama mai hoto. To, bari in faɗi yadda aka yi kowa ya huta.

Bizar ɗalibi awa 20 ta yarda in yi aiki a mako muddin ana cikin zangon karatu. Na samu a wani gidan kula da tsofaffi, dare biyu, daga goma na dare zuwa takwas na safe. Aikin ba wani na a zo a gani ba ne: juya wanda ba ya iya motsi, canza zanen gado, haɗa shayi. Amma kowane ɗaki ka shiga, bangonsa cike yake da hotuna. Akwai wata tsohuwa da ta haura shekara 90, ta manta sunan 'yarta, ba ta sanin ko ta ci abinci. In na ɗauko wani ɗan hoto fari da baƙi daga kan durowa na miƙa mata, sai ta ɗora yatsa a kan wani siririn mutum da ke tsaye a ƙofar masaƙa, ta ce babanta ne, ta faɗi abin da yake sayo mata ranar albashi. Nakan ce a raina, wa ya sani ko audugarmu yake saƙawa, tunda kamfanin auduga na Turawa, BCGA, da ya kafa injin gurza a Funtua a nan Manchesta aka kafa shi a 1902.

Ni kuwa mahaifina, Allah ya jiƙansa, hotonsa ɗaya ne a duniya, na fasfon aikin Hajji, shi ma hatimi ya cinye masa kafaɗa. Yana cikin dattawan da ke ganin barin hoto ya fi, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai ɗana Abba sunansa ya ci, kuma ranar da ya tambaye ni kamannin mai sunansa, wannan ɗan guntun kaɗai zan nuna masa.

Daga nan na fara leƙa kasuwar kayan hannu a intanet, har na sayi tsohuwar kamara ƙirar Nikon D3200 da ido mai milimita 50 a kan fam 170. Lokacin fam ɗaya yana neman naira 2,000, ga kuɗin haya, ga ragowar kuɗin makaranta. Maiɗakina ta juya kamarar a hannu, ta dube ni ta ce, "Baban Abba, wannan da wace miya za mu ci ta?" Ban ce uffan ba, don ta fi ni gaskiya.

Sanin kamara kansa ba shi da wuya kamar yadda littattafanta ke sa ka zata. Ku ɗauka ɗaki ne mai duhu da asabari a ƙofa. Ko ka ɗaga asabarin sosai ka sake shi nan take, ko ka ɗaga kaɗan ka daɗe riƙe da shi, hasken da zai shiga duk ɗaya ne, amma hoton zai bambanta. In ka buɗe sosai, fuska ta fito tas, abin da ke bayanta ya narke. In ka daɗe, duk abin da ya motsa sai ya zama inuwa. Na uku shi ne ISO, wato yadda kamara ke jin haske, wanda in ka ɗaga shi da yawa hoto ya yi tsaki-tsaki. Duk wannan a saman bas na koya, a YouTube, tsakanin wurin aiki da makaranta, ido na lumshewa.

Abin da ya gagare ni shi ne lokaci, kuma shi ma ba agogo nake nufi ba, rana. A Disamba a nan sai bayan takwas take fitowa, kafin huɗu ta faɗi. Azahar, la'asar da magariba duk suna cunkushe tsakanin lacca biyu. In tashi aiki da takwas, in kai Abba wurin reno, in shiga aji da goma, in fito duhu ya yi. Wata biyu cur ba ni da abin ɗauka sai abin da ke kusa da tagar kicin: buta, takalmin Abba, hannun maiɗakina tana yankan albasa. Minti goma yau, gobe babu, jibi ashirin. Na ɗauki butar nan fiye da sau ɗari, har maiɗakina ta fara ce mini ko kishiya aka yi mata.

Sai wani ɗan uwanmu Bakano ya yi suna, ya ce in zo da kamarata. Na je ina jin kaina. Maza duk sun sha farar shadda, an kama ɗakin taro mai farin bango. Da na dawo gida na zuba hotunan a kwamfuta, gabana ya faɗi: riguna sun fito da zubi da ɗinki, fuskoki kuwa kamar an shafa gawayi, mai jego ma sai haƙora. Dalilin shi ne ma'aunin hasken kamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi. In fari ya cika masa ido sai ya rage haske, mu masu duhun fata mu nutse. Maganin ɗan kaɗan ne, ka auna hasken a kan fuska ko ka ƙara hasken da mataki ɗaya zuwa biyu. A waya ma haka ne: taɓa fuskar mutum a kan gilashi, ka ja alamar rana sama. Ni ban san haka ba a lokacin. Dare uku na yi ina gyara, na miƙa aikin makaranta a makare, aka yanke mini maki. Tun daga ranar maiɗakina ta kafa doka, kuma ina bi: kamara ba ta fita daga jaka sai Asabar da safe, kuma in akwai aikin makaranta a gaba, ko Asabar ɗin babu.

Zama a ƙasar da rana ke rowa ya sa na gane irin hasken da muke takawa a gida ba mu sani ba. Gajimaren nan da ke rufe Manchesta kwana da kwanaki yana tausasa haske, fuska ta fito ba kaifin inuwa. Hazonmu na hunturu, wanda muke tsinewa saboda mura da kaushi, aikin da yake yi ke nan. Ranar tsaka kuwa ita ce mafi muni, ta bar rami baƙi a ƙarƙashin ido da hula. Ku je Gobarau bayan la'asar sakaliya ku ga yadda jar ƙasar hasumiyar ke ɗaukar wuta. Mai son kama doki a tsakiyar jafi a Ƙofar Soro kuwa, ya sa saurin ƙiftawa, wato daɗewar asabarin nan a ɗage, a ɗaya bisa 1,000 na daƙiƙa, in ba haka ba ƙura da inuwa zai kwaso.

Amma ni ba hawan Sallah ne ya dame ni ba, shi yana da masu ɗauka fiye da ƙima, kamar biki da taron siyasa. Abin da ban gani a wayoyinmu shi ne maƙeri a bakin zuga-zugi, mai fura tana damu, almajirai zagaye da wutar karatun dare, ragowar ganuwa da gidaje ke ci kullum. Da iyayenmu a zaune haka nan, ba kwalliya. Mun ɗauka kullum suna nan.

Makon jiya na kira ƙanena ta WhatsApp na ce ya je gida bayan la'asar, ya nemi izinin Inna, ya zaunar da ita a bakin zaure ta ciki, inda haske ke shigowa ta gefe, ya goge idon wayarsa da bakin riga, ya durƙusa daidai fuskarta. Ina kan layi ina jin ta tana faɗa: "Kai ni ku ƙyale ni, shi wancan bai da aikin yi ne a Turai? Ku bari in ɗauko mayafin Sallah mana." Na ce, "Inna, don Allah a yadda kike." Ta ce aikin banza, amma ta zauna. Ya ɗauki goma sha biyu. A cikin goma sha ɗaya ta ɗaure fuska kamar mai hoton katin zaɓe. A na ƙarshe wata akuya ta kutso zauren, ta juya za ta kore ta tana dariya, carbi a hannu, zanen gida na kullum a jikinta.

Shi na kai aka wanke mini jiya a hanyar dawowa daga laburare. Yana manne a jikin firji, daidai tsayin Abba, wanda tun safe ya riga ya dangwala masa man gyaɗa a gefe.

A gaida mutanen gida. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan Ƙofar Ƙaura a Manchesta