Ƙwan da na zana a Bukobina

Abokiyar karatuna a birnin Yashi na ƙasar Romaniya ce ta dame ni da gayyata: in bi ta ƙauyen kakarta mu yi hutun Ista. Na ce mata ai an yi Ista tun 31 ga Maris. Ta yi dariya, ta ce wannan ta Katolika ce. Su Kiristocin ɗarikar Otodoks ne, da tsohuwar kalanda suke lissafi, tasu a 2024 sai 5 ga Mayu. Haka ranar Laraba muka kama jirgin ƙasa zuwa Suchaba, daga can muka nausa cikin duwatsun Bukobina, arewacin Romaniya.

A hanya mun ratse Boronet, majami'ar da sarki Istefan Babba ya gina a 1488, wadda aka zane bangonta ta waje da wani shuɗi da har yau ake kiransa da sunan wurin. Tana da kyau, amma ni sanyi ya hana ni sakewa, ga yunwa. Hankalina bai dawo jikina ba sai da muka shiga ƙauyen kakar, Ciocănești (su suna cewa Cokaneshti), a bakin kogin Bistirisa. Kusan kowane gida an yi masa ɗamara da zane, baƙi da fari da ruwan ƙasa, irin wanda ke jikin rigunansu na gargajiya da ƙwan da suke yi wa ado lokacin Ista. Wata mata ce ta fara yi wa gidanta wajen 1950, maƙwabta suka ɗauka, daga baya hukumar ƙauyen ta mai da shi ƙa'ida.

Tsohuwar ta tarbe mu da mamaliga, wanda ba komai ba ne illa tuwon masara, da miyar wake. Babu nama, babu madara, babu ƙwai, domin suna cikin azumin makonni bakwai. A nan na gane inda ƙwan Ista ke fitowa: kaji ba su san ana azumi ba, sai su yi ta zubawa ana tarawa.

Washegari Alhamis ita ce ranar rina jan ƙwai. Wannan ba shi da wuya, ana dafa shi ne da ɓawon albasa har ya yi jawur. Suna da labari cewa Maryam uwar Almasihu ta ajiye kwandon ƙwai a gindin gicciye, jininsa ya ɗiga a kai. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Da rana Kaka, haka na riƙa kiranta, ta jawo ni kusa da murhu ta miƙo mini ƙwan agwagwa da aka huda aka fitar da ruwan cikinsa, fayau kamar ba komai a hannu.

Abin zanen suna kiransa kishitsa: ɗan tsinken itace da aka ɗaura wa siririn bututun tagulla a baki, an zura silin gashi guda a ciki don kaki ya bi ya sauko. Wasu gashin alade suke sawa, wasu na doki. Na tambaya kafin in taɓa. Nata na doki ne. Kakin zuma na narke a ɗan gwangwani, ya yi baƙi ƙirin saboda zafi. Ta tsoma, ta ja layi ya zagaye ƙwan ya dawo daidai inda ya faro, ba tare da ta auna komai ba. Hannun da ke riƙe da tsinken kusan a tsaye yake, ƙwan take juyawa.

Sai da ta jefa shi cikin rini rawaya na fahimci dabarar. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa, ya zauna fari. A fito da shi, a sake rufe inda ake so ya zauna rawaya, a tsoma cikin ja. A rufe inda ake son ja, a ƙare da baƙi. Na ce wa ƙawata ta gaya mata na san wannan aikin: lallen salatif ne, inda ake manna salatif a ƙafar amarya don lalle ya tsallake wurin. Na nuna mata hoton bikin yayata a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya kwana nawa yake yi. Na ce 'yan makonni. Ta girgiza kai, wai wannan asarar wahala ce.

Kowane zane da sunansa: zangarniyar alkama, ƙahon rago, manjagara, rana, da wani layi mai kwana-kwana da suke kira ɓatacciyar hanya. Shi na zaɓa, don a ganina ko na karkace ba mai ganewa. Ashe shi ne ya fi wuya. Kaki ya ɗiga mini ɓul a tsakiya, na kai farce zan kankare, ta buge mini hannu.

"Bar shi, 'yata, inda kaki ya taɓa ya riga ya taɓa."

Bayan rinin ƙarshe, abin da ke hannuna wani dunƙulen baƙi ne mai kurji-kurji, ko kyauta ba wanda zai karɓa. Ta kara shi kusa da wuta, kakin ya fara ƙyalli, ta goge da tsumma. Fari da rawaya da ja suka ɓullo lokaci guda. Wallahi sai da na yi ihu. Ɗigon nan nawa ma yana nan, fari fat, kamar idon kifi.

Daren Asabar suka tafi majami'a, ni na zauna gida, na hango su ta taga suna dawowa kowa da kyandir a kunne. Da safe aka baje tebur da naman ɗan rago da burodi mai zaƙi da suke kira kozonak, aka fara gwara jajayen ƙwai. Mai bugawa ya ce Almasihu ya tashi, ɗayan ya amsa lallai ya tashi. Gaisuwar ba tawa ba ce, kuma ba wanda ya nemi in faɗa, amma wasan na san shi tun muna yara da ƙwan zabi da damina. Na ƙwanƙwasa ƙwai uku a haƙori na zaɓi mai tauri, na fasa na mutum huɗu a jere kafin wani yaro ɗan shekara shida ya gama da ni.

Nawa mai zanen Kaka ta naɗe shi da ulu ta sa a kwalin shayi. Daga Suchaba har Yashi a cinyata ya zauna, ban yarda na ɗora shi a ma'ajiyar kaya ba.